Gwandata ta fi ni tsawo, sai fure take zubarwa, ko ɗa guda babu

UmmuHaidar
Assalamu alaikum 'yan uwa masu shuke-shuke. Don Allah a taimaka min da shawara. Wata takwas ke nan da na zuba irin gwanda a tsakar gida. Uku suka fito, biyu suka mutu tun suna ƙanana, guda ta rayu. Yanzu ta fi ni tsawo, ganyenta kore shar, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Matsalar dai fure kawai take yi tana zubarwa. Kullum da safe sai na share su a gindinta, amma ko ɗa guda ban taɓa gani ba. Wata maƙwabciyata ta ce namiji ne, wai in sami tsohuwar ƙusa in buga masa a jiki, ko in fille kan, zai juye ya koma mace. Maigida kuma ya ce a sare kawai a huta, tana shan ruwa a banza. Ni kuwa wallahi ina jin ta a raina, da hannuna na rene ta. Me ya kamata in yi?

Abu_Safwan
Wa alaikumus salam. Namiji ne, ba ko tantama. Sare shi ki zuba wani irin.

MaiLambu77
Haba Abu_Safwan, ko furen ba ka gani ba har ka yanke hukunci? Hajiya kada ki taɓa ta tukuna. Gwanda kashi uku ce, akwai namiji, akwai mace, akwai mata-maza, kuma a fure ake gane su, ba a ganye ko tsawo ba.

Namiji furanninsa ƙanana ne sirara kamar bututu, suna fitowa da yawa a jikin wani dogon reshe da ke reto ƙasa, wani lokaci reshen ya fi tsawon hannunki. Mace furenta babba ne, yana manne da jikin itacen a hammatar ganye, yawanci guda ɗaya. Idan kika buɗe shi za ki ga 'yar ƙwallo koriya a ciki, ita ce gwandar da za ta girma. Mata-maza kuma yana tsakani: shi ma kusa da jiki yake fitowa, amma ya fi na mace tsawo da siranta, kuma a cikinsa akwai 'yar gwandar doguwa tare da tsinkayen nan masu garin fure ruwan ɗorawa a kewaye da ita. Wannan shi ke yi wa kansa barbara, ba ya buƙatar kowa.

Gobe da safe ki tsinko fure biyu ko uku daga jikin itacen, kada ki ɗauki na ƙasa, ki tsaga su da farce ki gaya mana abin da kika gani.

Gimbiyar_Fure
Maganar ƙusa fa gaskiya ce. Goggona ta yi a gabana, ba labari aka ba ni ba. Ta buga ƙusoshi biyu, bayan 'yan watanni sai ga 'ya'ya suna reto.

Dan_Kimiyya
@Gimbiyar_Fure ban ce goggo ba ta ga 'ya'ya ba, amma ki lura da kalmar da kika yi amfani da ita da kanki: suna reto. Wannan shi ne sirrin. Namijin gwanda yakan yi ɗa ɗaya ko biyu a ƙarshen dogon reshen furensa idan yanayi ya sauya, ko an buga ƙusa ko ba a buga ba. 'Ya'yan kan zama ƙanana, suna lilo a jikin dogon silli, kuma daga baya ya koma halinsa. Jinsin gwanda a cikin ƙwayar irin yake tun kafin ta tsiro, kamar yadda yake a jikin ɗan Adam. Ƙarfe ba ya canza shi. Abin da ƙusa ke yi tabbas shi ne buɗe ƙofa ga ruɓa, don jikin gwanda ba katako ba ne, taushi gare shi kuma cikinsa rami ne.

Gimbiyar_Fure
To ni dai abin da idona ya gani na faɗa. Gani ya kori ji.

Baba_Manomi
'Yata UmmuHaidar, kuskuren tun farko ne, kuma kusan kowa da shi yake farawa. Ba a dogara da gwanda guda ɗaya. Ni idan zan shuka, rami ɗaya nakan zuba ƙwaya huɗu ko biyar. In sun fito in bar uku masu ƙarfi, su tashi tare har su fara fure, wajen wata huɗu zuwa shida. A nan ne nake duba su, in zaɓi wadda nake so in yanke sauran daga gindi da wuƙa. Ban tumɓuke su, don in ka tumɓuke za ka girgiza saiwar wadda ka bari. In mata ne zalla a wurin, nakan bar namiji ɗaya ya wadaci mata goma ko fiye. Namiji ba shi da laifi, aikinsa ne daban. Mutane na sare duk namijin da suka gani, sannan su dawo suna kukan mata na zubar da fure.

Kanwar_Maza
Baba kana nufin mace ma tana iya zubar da fure? Ni na ɗauka da an ce mace shi ke nan an gama.

Baba_Manomi
Ƙwarai kuwa 'yata. In ba namiji ko mata-maza a kusa da iska ko ƙwari za su kwaso garin furensa su kai mata, furen sai ya yi rawaya ya faɗi. Wani lokaci ta kama ɗan ya kai girman ƙwai sannan ya faɗo. Wanda ya tsaya kuma in ka yanka sai ka tarar ba iri a ciki, ko 'yan kaɗan farare.

Injiniya_Lambu
Bari in ƙara kan maganar Baba, don akwai lissafi a ciki mai sauƙi wanda zai rage wa mutane wahala. Idan mace ta sami barbara daga namiji, irin da ke cikin ɗanta rabi maza ne rabi mata. Idan mata-maza ya yi wa kansa, cikin kowane uku biyu mata-maza ne ɗaya mace, babu namiji sam. Idan mace ta samu daga mata-maza, rabi mata rabi mata-maza, nan ma babu namiji.

Amfanin sanin wannan: gwandar da ta fito daga mata-maza doguwa ce, ta mace kuwa ta fi zagaye da faɗin ciki. Saboda haka in za ka ɗebi iri daga wadda ka yanka, ɗebi daga doguwar. Ba tabbas ɗari bisa ɗari ba ne, don ba ka san ko wani namiji na kusa da gonar da ta fito ba, amma ka rage caca sosai. UmmuHaidar, kin tuna siffar wadda kika cire irin?

UmmuHaidar
Doguwa ce sosai, cikinta ja. Na tuna don daɗinta ne ya sa na ajiye irin. Fure kuma in sha Allahu da safe zan duba, yanzu duhu ya yi.

Abu_Safwan
To in doguwa ce na ɗan janye maganata. Kaɗan dai.

Sarkin_Tsiro
Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa na shigo tsakiya. Sau uku ina zuba iri ko ɗaya bai fito ba. Daga yankawa nake kwasa in zuba a ƙasa in rufe. Mutane na cewa gwanda ko a bola fitowa take, ni kuwa da na yi mata gata ta ƙi.

MaiLambu77
@Sarkin_Tsiro kowace ƙwaya tana cikin wata 'yar jaka mai yauƙi, ka lura? Wannan jakar tana hana ta tsirowa da wuri. Ka zuba irin a rariya ko tsumma ka murza da yatsu har jakunkunan su fashe, ka wanke, ka bar baƙaƙen masu kaushi. Farare da waɗanda ba su cika ba ka zubar. Ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Wajen shukawa kada ka binne da zurfi, kamar santimita ɗaya ya isa, ƙasa ta kasance da danshi ba jagab ba. Sati biyu zuwa uku za ka ga sun leƙo, in da sanyi su fi haka jinkiri. Ina zargin zurfi ne da yawan ruwa suka kashe naka.

Sarkin_Tsiro
Ai kuwa rami nake haƙawa kamar zan binne tukunya. Na gode.

Hajiya_Mai_Furanni
Tunda an zo maganar ruwa bari in ba ku labarin abin da ya same ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina da guda biyu a bayan ɗaki, dukansu sun ɗauki 'ya'ya tun daga ƙirji har wuya, na ƙirga ashirin da wani abu a jikin ɗaya. Aka yi ruwan sama kwana biyu a jere, magudanar wajen ta toshe, ruwa ya kwanta a gindinsu. Ban damu ba, na ce ai shuka da ruwa ba a shiga tsakaninsu. Kwana uku bayan ruwan ya janye sai na ga ganyen ƙasa sun yi laushi sun sunkuya kamar an zuba musu ruwan zafi. Na ƙara musu ruwa, ku ji wauta, a zatona ƙishi ne. Ranar ta biyar na dafa ɗaya da hannu sai na ji tana rawa. Na tona gindin, saiwar ta zama baƙa, tana wari, tana narkewa a hannu kamar jiƙaƙƙen kwali. Kafin sati duk biyun sun kwanta da 'ya'yansu ɗanye.

Tun daga ranar ban sake shuka gwanda a ƙasa shimfiɗe ba. Sai na tara ƙasa na yi tudu kamar tsawon taƙi biyu, na haɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a kai nake shukawa. Gwanda na son ruwa amma ba ta son ƙafarta ta kwana a ciki. Kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa kwance ya isa ya kashe babbar bishiya.

Kanwar_Maza
Innalillahi. Ashirin da wani abu! Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Dan_Kimiyya
Abin da ya sami Hajiya shi ne ya fi kashe gwandar gida, ya fi ƙwari ya fi cuta. Kuma ina zargin biyun da UmmuHaidar ta ce sun mutu suna ƙanana haka ne, gindin ya sirance dab da ƙasa su faɗi. Wani abin kuma, masu lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa, abu ne mai kyau don tana riƙe danshi, amma a bar tazara kada ta taɓa jikin itacen.

Matashi_Mai_Himma
Ni nawa a leda na raina su, suka yi kyau, da na dasa sai suka tsaya cak wata guda, rabi suka mutu. Gwanda ba ta son dashe ne?

Baba_Manomi
Ba ta so, ɗana. Saiwarta kamar zare take, da an taɓa ta fushi. In dole sai ka raina a leda, ka dasa tun tana ƙarama, ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ka yanka ledar da reza ta gefe, kada ka zare shukar, ƙasar ta tafi a dunƙule yadda take. Ka dasa da yamma. Kuma kada ka binne wuyanta fiye da inda ƙasa take a leda. Ni dai na fi son in shuka a inda za ta zauna, in huta.

Tazara ma a kula. Tsakanin wata da wata a bar kamar mita biyu zuwa biyu da rabi. In ka cusa su, ko ka sa ta a lungun da rana ba ta kaiwa, sai ta yi ta miƙewa tana neman haske, siririya, 'ya'yan su fito can sama in ma sun fito.

Abu_Safwan
Wannan gaskiya ne. Tawa tana tsakanin katanga biyu, yanzu sai da tsani.

Bakon_Sanyi
Ni inda nake zaune sanyi na kaiwa har ƙanƙara ta sauka. A babban baho na shuka, in shigar da ita ɗaki lokacin sanyi. Shekara biyu ke nan, tana raye amma ba fure. Akwai fata?

Injiniya_Lambu
@Bakon_Sanyi da wuya, amma ba a cewa ba zai yiwu ba. Asalin gwanda daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya take, Turawan Sifaniya da Fotugal ne suka yaɗa ta zuwa sauran ƙasashe masu zafi tun ƙarni na 16. Jinin zafi ne da ita. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas. Da ya sauka ƙasa da 15 girma ya ja baya, ƙanƙara kuwa kashe ta take yi. A ɗaki matsalarka haske ne, taga ba ta isar ta. Ka nemi iri gajere, ka rage ruwa sosai lokacin sanyi don a sanyi saiwa ta fi saurin ruɓewa, sannan baho ya zama mai huji da yawa.

Gimbiyar_Fure
Au, ashe baƙuwa ce? Ni na ɗauka 'yar uwar gwandar daji ce.

Injiniya_Lambu
Suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne ko kusa.

Uwar_Gida_Biyu
Don Allah ni ma a duba min. Ganyen saman tawa sun fara yin rawaya-rawaya da kore a cakuɗe, sababbin suna fitowa a murɗe sirara kamar igiya. A jikin 'ya'yan kuma akwai wasu zane-zane masu zagaye kamar zobe. Taki ne ya yi kaɗan?

Dan_Kimiyya
Uwar_Gida_Biyu, ba na son in ba ki labari mara daɗi, amma zoben nan a jikin 'ya'ya tare da ganye a murɗe alamar cutar zobe ce, ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Ki duba sillin ganye da saman jikin itacen, in kin ga wasu layuka masu duhu kamar an ɗiga mai, to ita ce. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, darɓa, su ke ɗaukar ta daga wata shuka zuwa wata, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan suke sakawa, shi ya sa feshi ba ya tare ta sosai. Ba ta da magani. Wadda ta kamu a cire ta a kawar da ita daga wurin kafin ta shafa wa sauran.

Cutar nan ba ƙarama ba ce. A tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka ta shiga yankin Puna a 1992, inda ake noma mafi yawan gwandarsu, ta kusa durƙusar da sana'ar gaba ɗaya. Abin da ya cece su shi ne irin da masu bincike suka sauya wa ƙwayar halitta, ƙarƙashin jagorancin Dennis Gonsalves, aka raba wa manoma a 1998 da sunan Rainbow.

Abu_Safwan
Ni fa irin da aka taɓa wa halitta ba zai shiga gidana ba, ko da zai yi 'ya'yan zinari.

Dan_Kimiyya
Ra'ayinka ne Malam, kuma ba kai kaɗai ba. Tarihi na faɗa, ban ce kowa ya shuka ba. Amma a bambance: irin haɗi kamar Red Lady da aka samar a Taiwan ba a taɓa masa halitta ba, barbara ce tsakanin iyaye biyu da aka zaɓa. Aibinsa ɗaya ga mai shuka a gida, in ka ɗebi iri daga 'ya'yansa, jikokin ba lallai su yi kama da shi ba.

MaiLambu77
Kafin Uwar_Gida_Biyu ta ɗauko adda, ta juya bayan ganyen ta duba. Akwai wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke taruwa a bayan ganye da wuyan 'ya'ya, shi ma yana murɗe sabon ganye, kuma tururuwa na bin sa. Shi ana iya yaƙar sa: a cire ganyen da ya cika, a wanke sauran da ruwa mai ƙarfi, a fesa ruwan sabulu kaɗan da man darbejiya da yamma, ba da rana tsaka ba don ganyen gwanda na saurin ƙonewa. Amma in zoben na nan a jikin 'ya'yan kamar yadda ta ce, to ina tare da Dan_Kimiyya.

Uwar_Gida_Biyu
Babu farin komai a baya. Layukan man kuma na gan su. Shi ke nan, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Shugaban_Zaure
'Yan uwa ana ta tafiya an bar mai tambaya a baya. UmmuHaidar, gari ya waye, ina labarin fure?

UmmuHaidar
Ina kwananku. Na duba tun da sassafe, har da hawa kujera. Ga abin da na gani. Babu wani dogon reshe mai reto. Furannin suna fitowa ne a hammatar ganye, 'yan gungu, biyar ko shida a ɗan silli da bai wuce tsawon yatsana ba. Na tsinko huɗu. Uku sirara ne, na tsaga na ga tsinkaye masu gari ruwan ɗorawa, har ya shafe min yatsa, a tsakiya kuma wani ɗan zare ne kawai, babu ƙwallo. Na huɗun shi ne na ƙarshen gungun, ya fi su kauri, da na buɗe sai ga wani abu kore dogo kamar ɗan yatsan jariri, shi ma da tsinkayen a gefensa. Farin ruwan nan ya zubo min a hannu, har yanzu wurin ƙaiƙayi yake.

MaiLambu77
Alhamdu lillahi! Hajiya mata-maza gare ki, irin da kowa ke nema. Na huɗun nan shi ne shaida. Ki gaya wa maigida ya mayar da addarsa. Ƙaiƙayin kuma ki wanke da ruwa da sabulu, madarar gwanda ce, akwai sinadarin da ke narkar da nama a cikinta, kada ki bari ta shiga ido.

Abu_Safwan
Uku cikin huɗu na maza ne fa. Ni har yanzu ban gamsu ba. Namiji ma an ce yakan yi irin wannan guda ɗaya a ƙarshen reshe.

Injiniya_Lambu
Yakan yi, amma a ƙarshen dogon reshe. Ta ce sillin bai wuce yatsa ba. Ga kuma doguwar gwanda da aka cire irin. Abin da nake gani shi ne, mata-maza yana da wani hali: idan zafi ya tsananta, ko ƙasa ta bushe, ko abinci ya yi masa kaɗan, sai ya riƙa fitar da furanni marasa ƙwallo, su yi aikin maza kawai su zube. Da yanayi ya sassauta sai masu ƙwallon su dawo. Shi ya sa za ka ga jikin wata gwandar 'ya'ya a ƙasa, sai fili babu komai, sai kuma 'ya'ya a sama. Filin nan watannin wahala ne. UmmuHaidar, yaya zafi a wurinki watannin nan, kuma yaya kike ba ta ruwa da taki?

UmmuHaidar
Zafi kam ba a magana, kuma kusa da katangar siminti take, da rana ko hannu ba ka iya ɗorawa. Ruwa kullum ina zuba mata ɗan bokiti safe da yamma a gindi. Taki kuma tun da na shuka ban ƙara ba, na ga ganyen kore ne na ce ta ƙoshi.

Baba_Manomi
To ga shi nan. 'Yata gwanda mai ci ce, wata takwas ba abinci ai ta yi haƙuri. Ba ta hutawa, kullum cikin fitar da sabon ganye take, kuma kowane ganye da furensa a hammata. Ki sami ruɓaɓɓen taki, wanda ya huce ya daina zafi, ki zagaya da shi nesa da gindi, daidai inda inuwar ganyen ta tsaya, don can bakin saiwar yake. Kada ki yi tono, saiwar a sama-sama take, ki barbaɗa ki rufe da busasshiyar ciyawa. Duk wata ki ƙara kaɗan. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ki kusantar da shi, ƙona ta zai yi. Ruwa kuma maimakon ɗan bokiti a gindi sau biyu, ki ba ta mai yawa a faɗin wurin ya shiga ƙasa, sannan ki bari saman ya ɗan sha iska kafin ki ƙara.

Dan_Kimiyya
Ina tare da Baba, sai dai a yi hattara da takin zamani mai sa ganye zalla, irin yuriya. In ya yi yawa sai ta yi ta ganye tana ƙara tsawo. In za a sa na zamani a sa mai haɗin uku, wato NPK, kaɗan-kaɗan. Wani abu kuma don gaba: in 'ya'yan suka zo da ƙulle-ƙulle a jiki suna tsiyayar da madara, ƙarancin sinadarin boron ne, ya fi faruwa a ƙasa mai yashi.

Gimbiyar_Fure
Ni dai da ta buga ƙusar tun farko da yanzu an wuce wurin.

Hajiya_Mai_Furanni
Gimbiya ke da ƙusar nan! In ta buga yau, zafi ya sauka wata mai zuwa ta haihu, sai ki ce ƙusa ce.

Kanwar_Maza
To maganar fille kai fa? Ba wanda ya amsa wannan. Ni na taɓa ganin wadda aka sare ta yi rassa uku.

MaiLambu77
Tana yi, amma jinsinta ba ya canzawa, rassan irin furen uwar za su yi. Ana sarewa ne idan ta tsufa ta yi tsawon da ba a iya kaiwa. A yanke ta kamar daidai ƙugu ko ƙirji, a kifa gwangwani a kan wurin don kada ruwa ya shiga ramin cikin, in rassa sun fito a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ruɓe. Ni ban cika wahalar da kaina ba, bayan shekara uku ko huɗu 'ya'yan raguwa suke su ƙanƙance, gara tun tana shekara biyu ka sa wata a gefe ta gaje ta.

Matashi_Mai_Himma
In ta kama yanzu, sai yaushe za a ci?

Injiniya_Lambu
Daga fure zuwa nuna ka ba ta wata biyar zuwa shida, in da sanyi ya fi haka. Kuma ba a jira ta nuna duka a sama, tsuntsaye za su riga ka. Da ka ga rawaya ta fara bayyana a ƙasan ɗan ka tsinke, ta ƙarasa a ɗaki. In ka cire ta tana koriya shar kuwa ba za ta yi zaƙi ba ko ta yi laushi.

Abu_Safwan
To mu zuba ido. In ta haihu a turo hoto, ni da kaina zan zo nan in ba gwandar haƙuri. In kuma wata uku ya wuce shiru, a tuna wa ya fara faɗa.

UmmuHaidar
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa maigida furen na huɗu, ya juya shi ya juya, ya ce ya ba ta wata biyu. Taki zan nema yau. Na kuma wanke wani irin kamar yadda MaiLambu77 ya ce, yana shanye a inuwa, zan zuba biyar a ɗaya gefen nesa da katanga. Tambaya ɗaya ta rage: katangar nan mai zafi, in na jingina tsohuwar tabarma a jikinta zai rage, ko zai tare mata iska ne?

Baba_Manomi
Jingina abinki, a jikin katangar dai, kada ki yi wa shukar rumfa. Ki ɗaure ta da kyau kar iska ta kifo ta kan furannin.